Ƙanena ya fara kafirta mutane, ta ina zan ɓullo masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙane ɗan shekara 23, ya gama difloma amma bai samu aiki ba. Kusan shekara guda ke nan da ya canza mana. Ya daina bin limamin unguwarmu salla, ya ce duk wanda ya yi zaɓe ko yake aikin gwamnati ya bauta wa ɗagutu, har da ni da nake koyarwa a makarantar gwamnati. Kullum yana ɗaki da waya a kunne yana sauraron wasu karatuttuka. Da na yi magana sai ya jawo aya, ni kuma ba ni da amsa. Mahaifiyarmu ta gaji, ta ce ko a kore shi daga gidan ko a kai shi wajen hukuma. Mene ne asalin wannan aƙida, kuma yaya ake tunkarar mai ita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya shirya mana, ya kuma sanyaya wa mahaifiya zuciya. Kafin komai ka ba ta haƙuri a kan maganar kora, zan zo kan dalili.

Abin da ya kama ƙanenka sunansa kafirtawa, wato fitar da Musulmi daga Musulunci ba da haƙƙi ba. Ina so ka riƙe wannan da kyau, domin mutane da yawa suna duba inda ba nan ciwon yake ba. Sai a ga yaro ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya daina gaisawa da mata, a ce ai ya zama ɗan Boko Haram. Dubban matasa suna haka kuma ko kaza ba za su iya yanka wa mutum da mugun nufi ba. Alamar da ke tayar mini da hankali guda ce: ranar da yaro ya fara duban mai salla, mai azumi, ya ce wannan ba Musulmi ba ne. Babu wanda yake tashi da safe ya sa bam a masallaci yana ganin Musulmi ne a ciki. Sai ya fara fitar da su daga addinin a ransa tukuna, sannan hannu ya biyo baya.

Kuma abin hawa-hawa yake zuwa. Da farko za a ce shugaban ƙasa kafiri ne saboda yana hukunci da tsarin mulki, a jawo aya ta 44 a Suratul Ma'ida, wadda ta ce wanda bai yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba, waɗannan su ne kafirai. Daga nan sai soja da ɗan sanda da alƙali, tunda su ke kare shi. Sai ma'aikaci da mai jefa ƙuri'a da ɗalibin boko. Sai a zo kan ƙa'idar da ke cinye kowa: wanda bai kafirta kafiri ba, shi ma kafiri ne. A nan liman ya shiga, malaman gari suka shiga, uwa da uba suka shiga. Idan aka kai nan, halatta jini da dukiya taki ɗaya ya rage. Bisa bayaninka, ƙanenka ya taka mataki na uku, yana leƙen na huɗu. Akwai sauran lokaci, amma ba mai yawa ba.

Wannan ba sabuwar fitina ba ce, kuma sanin tsohuwar shi ne rabin maganin. A shekara ta 37 bayan hijira, bayan yaƙin Siffin, Sayyidina Aliyu da Mu'awiya suka yarda a naɗa mutum biyu su yi sulhu. Sai wasu dubbai daga rundunar Aliyu suka ɓalle, suka tare a wani ƙauye kusa da Kufa mai suna Harura, suna cewa babu hukunci sai na Allah. Su ne Hawarijawa. Da Aliyu ya ji taken nasu sai ya ce, kalmar gaskiya ce aka nufi ƙarya da ita. Kada ka ɗauka 'yan iska ne. Mutane ne masu tsayuwar dare, goshinsu ya yi kanta saboda sujada, bakinsu bai rabuwa da Alƙur'ani. Hadisan Buhari da Muslim sun siffanta su tun kafin su bayyana: ƙananan shekaru, gajeren tunani, suna karanta Alƙur'ani bai wuce maƙogwaronsu, suna kashe Musulmi suna ƙyale masu bautar gumaka.

Abin da ya fi dacewa da halinka a labarinsu shi ne zuwan Abdullahi ɗan Abbas wajensu. Ya sa tufafinsa mafi kyau, ya shiga sansaninsu da tsakar rana. Bai fara da zagi ba. Ya ce musu daga wajen sahabban Annabi nake, waɗanda Alƙur'ani ya sauka a cikinsu, kuma ban ga ko ɗaya daga cikinsu tare da ku ba. Sannan ya ce su faɗi abin da suke tuhumar Aliyu da shi, ya bar su suka lissafa har suka ƙare. Abu uku ne: ya sa mutane hukunci a al'amarin Allah, ya yi yaƙi ranar Raƙumi bai kama bayi ba bai raba ganima ba, ya yarda an goge masa laƙabin Amirul Muminina a takardar sulhu. Sai da ya tambaye su ko akwai saura, suka ce babu. Sannan ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta musu aya ta 95 a Ma'ida, inda Allah ya ce adilai biyu su yanke fansar dabbar da mai harami ya farauta, da aya ta 35 a Nisa'i, inda aka ce a tura mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata. Ya ce, to idan Allah ya yarda mutane su yi hukunci a kan zomo da rikicin miji da mata, jinin Musulmi bai fi cancanta ba? A kan na biyu ya ce, Nana A'isha tana cikin waccan runduna, za ku kama uwarku baiwa? A kan na uku ya tuna musu Hudaibiyya, inda Annabi da kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yarda a goge "Manzon Allah" a rubuta "Muhammadu ɗan Abdullahi". Dubbai suka tuba suka dawo a ranar. Ragowar suka ci gaba, har suka yanka Abdullahi ɗan Habbab, ɗan sahabi, suka farke cikin matar da ke tare da shi tana da juna biyu. Sai a lokacin Aliyu ya yaƙe su a Nahrawan, shekara ta 38. Bayan shekara biyu ɗayansu, Ibnu Muljam, ya sare shi a Kufa yana fitowa sallar asuba cikin Ramadan, yana ganin lada yake nema.

Ka lura da abin da Aliyu ya yi musu kafin su zubar da jini. Ya ce suna da haƙƙi uku a kansa: ba zai hana su masallatai ba, ba zai hana su rabonsu na ganima ba muddin suna tare da jama'a, kuma ba zai fara yaƙarsu ba sai sun fara. Wannan ita ce iyakar da nake so ku shata a gidanku.

A zamaninmu fitinar ta sake tsirowa ne a gidajen yarin Masar, a shekarun 1950 da 1960, inda aka azabtar da 'yan Ihwan, wato ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi, azaba mai tsanani. Wasu matasa a cikinsu suka ce ba yadda za a yi mai yi mana wannan ya zama Musulmi. Rubuce-rubucen Sayyid Ƙuɗub, wanda aka rataye a 1966, da suka kira al'ummomin yau da jahiliyya, suka ba su harshen da za su faɗi haka. Shugaban Ihwan na lokacin, Hasan al-Hudaibi, ya yi musu raddi tun a kurkuku cewa aikinsu kira ne, ba su ne alƙalai ba, amma wasu ba su ji ba. Ƙungiyar Shukri Mustafa ta kafirta al'ummar Masar ɗungurungum, ta haramta aikin gwamnati da makarantunta da sallar Juma'a a masallatanta, ta kashe tsohon ministan addini Shaihu Zahabi a 1977. Ka ga maganganun ƙanenka sun girme shi nesa ba kusa ba.

Namu kuwa mun gani da ido. Muhammad Yusuf ya taso ne a cikin masu halartar tafsirin Shaihu Ja'afar Mahmud Adam a masallacin Indimi a Maiduguri, kafin ya ware ya kafa Markaz Ibn Taimiyya a unguwar Railway. Da'awarsa biyu ce, kuma ta biyun ita ce ta ƙanenka sak: karatun boko a tsarinsa na yanzu haramun ne, aiki a ƙarƙashin gwamnatin da ba ta hukunci da shari'a haramun ne. Malamai ba su yi shiru ba, duk da abin da ake yawan faɗa. Shaihu Ja'afar ya yi masa raddi a fili, aka harbe shi yana limancin asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Kano ranar Juma'a 13 ga Afrilu, 2007. Isa Ali Pantami ya zauna muƙabala da shi a Bauchi a 2006, faifan yana nan. Shaihu Auwal Albani Zariya ya shekara da shekaru yana warware shubuhohinsu, aka kashe shi tare da matarsa da ɗansa ranar 1 ga Fabrairu, 2014, kuma Shekau ya fito ya ce su ne.

Bayan rikicin Yulin 2009 da kashe Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da an kai shi kotu ba, Abubakar Shekau ya ja igiyar har ƙarshenta. A wajensa babu uzuri da jahilci, kuma duk wanda ya zauna a garin da gwamnati ke iko bai yi hijira zuwa dajinsu ba ya yi ridda. Da wannan fatawa aka yanka ɗalibai a Buni Yadi a Fabrairun 2014, aka tayar da bam a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba na wannan shekara, aka kashe fiye da mutum ɗari suna sahu, aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a Nuwamban 2020. Sannan abin ya juyo kansu. A 2016 Mamman Nur da Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Muhammad Yusuf na cikinsa, suka ɓalle suna zargin Shekau da kashe Musulmi da kashe kwamandojinsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Suka kira shi Bahawarije. Bayan shekara biyu mutanen Mamman Nur suka kashe shi saboda suna ganin ya yi sassauci. Su ɗin da suka ce sun fi Shekau tausayi, su ne suka kashe ma'aikatan jinya mata biyu Musulmi da suka sace a Rann a 2018, da hujjar wai sun yi ridda don suna aiki da ƙungiyar agaji. Shekau kuma ya mutu a Sambisa a Mayun 2021, tsofaffin yaransa ne suka rutsa da shi. Wannan tarihi hujja ce da za ka iya ajiye wa ƙanenka ba tare da ka iya Larabci ba: ya nuna maka ƙungiya ɗaya da ta fara da kafirta shugabanni ta tsaya a nan, ba ta gangaro kan talakawa ba, ba ta ƙare da yanka 'ya'yanta ba. Ƙungiyar masu kafirtawa ta Aljeriya ma a shekarun 1990 haka ta ƙare, da yanka ƙauyuka.

Yanzu ga ayoyin da yake rufe maka baki da su. Ayar Ma'ida 44, wanda aka fi dogara da shi wajen fassara ta shi ne dai Ibnu Abbas ɗin, kuma ya ce kafirci ne wanda bai kai kafircin da ke fitarwa daga addini ba. A kan haka manyan malaman tafsiri suka tafi: wanda ya ƙaryata hukuncin Allah ko ya raina shi daban, wanda ya saɓa saboda son rai ko tsoro ko rashin iko daban, na biyun mai laifi ne, azzalumi ko fasiƙi, amma Musulmi. Ayoyi biyu da ke biye, 45 da 47, da waɗannan kalmomin suka ƙare. Maganar aiki kuma, Annabi Yusuf ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, aya ta 55 a surarsa, alhali sarkin ba a kan addininsa yake ba. Najjashi ya musulunta yana mulkin Habasha ta Kiristoci, bai iya zartar musu da shari'a ba, da ya rasu Annabi ya yi masa sallar gawa daga Madina. Haɗib ɗan Abi Balta'a ya aika wa Ƙuraishawa sirrin yaƙi gab da buɗe Makka, laifin da ya fi kowace ƙuri'a girma, Umar ya nemi izinin sare wuyansa, Annabi ya fara tambayarsa abin da ya sa, ya karɓi uzurinsa, kuma ayar da ta sauka a kansa a farkon Mumtahana da "ya ku waɗanda suka yi imani" ta fara. Usama ɗan Zaid ya kashe mutumin da ya yi kalmar shahada a ƙarƙashin takobi, Annabi ya yi ta maimaita masa ko ka tsaga zuciyarsa ne, har Usama ya yi fatan a ce ranar ya musulunta.

Akwai kuma wata ƙa'ida da masu karatun waya ba sa koya wa yara, domin da sun koya musu da kasuwarsu ta watse. Cewa aiki kaza kafirci ne abu ɗaya ne, cewa wane ɗan wane kafiri ne wani abu ne daban. Na biyun sai an tabbatar mutum ya sani, ya yi da gangan, ba tilasta shi aka yi ba, ba wani tawili ne ya ruɗe shi ba, an kuma tsayar masa da hujja. Wannan aikin alƙali ne, ba na saurayi mai difloma ba, ba ma nawa ba. Hadisi ya ce wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu.

Ko a ƙasarmu an taɓa yin wannan muhawara da alƙalami. Lokacin da jihadi ya kai Borno, Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi ya rubuta wa Sakkwato yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi da zakka, yana cewa saɓo da bidi'a suna ko'ina har Masar da Sham, kuma ba su mayar da ƙasa ta kafirci. Muhammadu Bello ya ba shi amsa, ya kuma adana wasiƙun a cikin Infaƙul Maisur, har da na abokin jayayyarsa. Shi kansa Shehu Usmanu ya yi rubutu yana tsawatar wa ɗaliban da ke tare talakawa da tambayoyin tauhidi, in sun kasa amsawa su ce kafirai ne.

To amma kada ka ɗauka hujja kaɗai za ta yi. Yaron da ya gama karatu yana zaune, yana ganin ɗan wane ya samu aiki da takardar da ba ta kai tasa ba, yana ganin ɓarayin gwamnati a sahun gaba ranar Idi, fushinsa na gaskiya ne. Masu kafirtawa ba su ƙirƙiro fushin ba, sun same shi ne suka ba shi aya. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani bincike a 2017 bayan hira da ɗaruruwan waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka. Kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Kashi 57 kuma sun amsa cewa fahimtarsu ga littattafan addini kaɗan ce ko babu. Saboda haka idan kuna magana kada ka zama lauyan gwamnati. In ya ce akwai zalunci, ka ce akwai, har ka ƙara masa misali. Inda za ku rabu shi ne: zaluncin gwamna ta yaya ya mayar da mai shayin bakin layi kafiri?

Wannan binciken ne kuma ya sa nake roƙon mahaifiya ta janye maganar kora da ta hukuma a yanzu. Yaron da aka kora, gidan da zai karɓe shi a daren nan nasu ne, kuma an gaskata musu abin da suka daɗe suna gaya masa, cewa danginsa maƙiyan addini ne. Wanda aka kulle a kan magana kawai, sau da yawa yakan fito ya fi yadda ya shiga. Ku riƙe shi a kwano ɗaya. Ku aike shi, ku sa shi raka mahaifiya asibiti, ku ba shi riƙon wani abu a gidan da za a tambaye shi. In da hali a haɗa masa jari ko a kai shi wajen mai sana'a, ko gyaran waya ne ko ɗinki, domin wanda ya yini a kasuwa yana cuɗanya da mutane, yana cin bashi ana cin nasa, da wuya ya iya riƙe ra'ayin cewa duk kafirai ne.

Kai kuma kada ka yi muƙabala da shi a gaban jama'a, ko a majalisa ko a zauren WhatsApp na dangi. Saurayi ya gwammace ya mutu a kan kuskure da a ce an kayar da shi a gaban ƙannensa. Ku zauna ku biyu, ka yi irin ta Ibnu Abbas, ka bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa, ka ce akwai saura? Sannan ka yi tambaya maimakon huɗuba. Wane ne malamin nan da kake saurare, a ina ya yi karatu, wa ya ba shi ijaza, me ya sa ba ya bayyana fuskarsa? Babanmu da ya rasu yana karɓar fansho, ina kake ganin yake? Idan Inna ta rasu gobe za ka yi mata salla? Irin waɗannan ba a amsa su nan take, amma suna kwana da mutum. Kada ka ƙwace wayar, zai sayi wata ya ɓoye. Ka ce ya tura maka karatun ku saurara tare, ta haka za ka san su waye, kuma ko karatu ne kawai ko akwai mai kiransa.

Sai ka nemo malami. A nan mutane suke kuskure, su ɗauko wanda yaron ya riga ya yanke wa hukunci. Ka nemo wanda yake ganin girmansa, mai kusanci da fahimtar da ya taso a kai, wanda ya san littattafan da ake jawo masa ciki da waje, ya kuma iya buɗe shafin da aka tsallake. Yawancin maganganun Ibnu Taimiyya da suke yawo da su guntaye ne, shi kuwa mutumin yana cikin masu tsananin taka-tsantsan wajen kafirta mutum takamaimai, ya faɗa da bakinsa a fatawoyinsa. Idan yaro ya ga da idonsa an yanke masa rabin magana, amincewarsa da masu yankewar takan fara tsagewa. Zama ɗaya ba zai isa ba, kuma kada ku jira ranar da zai tara ku ya ce na tuba. Yawanci ba sa faɗa. Za ka ga dai ya rage jayayya, ya fara dariya da mutane. In ka ga haka ka yi kamar ba ka gani ba, kada kowa ya yi masa gori.

Iyakar kuwa ita ce ta Sayyidina Aliyu. Muddin magana ce, naku ne, ku yi ta fama. Amma idan ka ji ya fara zancen hijira zuwa daji ko mubaya'a ga wani amir, ko ya fara sayar da kayansa yana neman yafiya ba dalili, ko kuɗi suna shigo masa ba ka san tushensu ba, ko baƙin fuska suna nemansa da dare, ko ka ga makami, to lamarin ya fi ƙarfin gida, kuma rayukan wasu sun shigo ciki. A ranar ka sami mai unguwa ko dagaci da wani dattijo mai mutunci da hukuma ke jin nauyinsa, ku nemi lauya, ku kai shi da kanku da rana tsaka, a rubuta sunan wanda ya karɓe shi da inda aka ajiye shi, ku kuma ci gaba da bibiya. Wallahu a'alam.